Malam Talle da Kaskon Mai da Ya Ƙi Zama

Jama'a, ku gyara zama ku ji. Da daɗewa, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, an taɓa yin wani bawan Allah mai sayar da kayan gyaran manyan motoci, ana ce masa Malam Talle. Ba attajiri ba ne. 'Yar rumfa ce gare shi, cike da ƙarafan gwanjo.

Wata rana da hantsi sai ga wani direba mai suna Hambali ya shigo a rikice, rigarsa duk baƙin mai. Tumatirin manoman ƙauyensu ya ɗauko a gingimari, ya faɗa rami a bayan gari. Dutse ya fasa kaskon da ke riƙe baƙin mai a ƙarƙashin inji, salansa kuma, wato bututun hayaƙi, ta tsinke. Mota na tsaye a rana, tumatir na ciki, noman mutane na shekara.

Ya ce, "Baba, kaskon mai nake so da salansa, yanzu-yanzu."

Malam Talle ya ce, "Wane irin inji ne?"

"Babba ne."

"Na ji babba ne. Na wace mota?"

Hambali ya sosa kai. Ashe ba injin da motar ta zo da shi ba ne, mai ita na farko ya taɓa canza shi, kuma ba wanda ya san daga ina ya ciro shi.

Malam Talle ya jawo kasko biyu, ɗaya zurfinsa a gaba, ɗaya a baya. Ya ce, "Naka ina zurfinsa yake?"

Hambali ya ce, "A gaba." Ya sake dubawa, ya ce, "A'a, a baya. Wallahi Baba, ya danganta da ta inda mutum ya kwanta ya leƙa."

Aka zo kan salansa, nan ma haka. Ya gwada faɗin bututun da yatsunsa, da aka sake tambayarsa sai ya gwada wani faɗin daban.

To ku saurara. A kasuwar nan, in ka sayi ƙarfe ka fita da shi, ba a karɓarsa in ka dawo. Da Malam Talle ya nuna ɗaya ya ce wannan ne, da Hambali ya ɗauka yana godiya. Har roƙonsa ya yi: "Baba, kai ne ka sani, zaɓar mini kawai."

Malam Talle ya ce, "Ɗana, ban sani ba. In na zaɓar maka, caca na yi da kayan mutane."

Hambali ya fusata. "To me kake yi a rumfar nan in ba ka sani ba?"

Malam Talle ya tashi ya rufe rumfa, ya ɗora kaskon biyu da bututu a amalanke, ya ce, "Mu je in ga motar."

Suka isa, suka tarar da bakanike yana jira. Aka gwada na farko, ya hau injin daram, amma zurfinsa ya tokari ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba. Aka gwada na biyu, ya wuce ƙarfen, amma ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Bakanike ya ce a buga shi da guduma a cusa. Hambali ya ce a yi hakan. Duka suka juyo suna kallon Malam Talle, ga rana ta take, ga ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwanduna.

Ya ce, "In aka cusa, ban sani ba ko zai riƙe mai. In ya zubar a hanya, injin ne zai tafi gaba ɗaya." Sannan ya ce, "Amma akwai wanda na taɓa ganin irin wannan a wurinsa."

Jama'a, wanda yake nufi Jatau ne, abokin sana'arsa, wanda ya taɓa yi masa ƙazafin sayar da kayan sata. An daɗe ko gaisawa ba sa yi. Malam Talle ya ɗauki fasasshen kaskon, ya tafi da ƙafarsa har rumfar Jatau, Hambali na biye da shi, ya yi sallama. Ya ce, "Malam Jatau, ga baƙo na kawo maka. Abin da yake nema ba ni da shi."

Jatau ya shiga ciki ya fito da kasko da salansa, kuma suka zauna daidai. Kafin la'asar mota ta tashi. Kwandunan ƙasa sun ruɓe, amma mafi yawa sun isa kasuwa.

Malam Talle ya turo amalankensa ya koma da kayansa, bai sayar da ko noti ɗaya ba. Kafin Hambali ya ja motarsa, sai da ya biyo shi yana tambaya, "Baba, ni ban gane ba. Kai me ka samu?"

Ya ce, "Na samu ban cuce ka ba. Je ka, rana na yi."

To 'yan'uwa, ku duba kanku. Kai mai shago, ke mai sayar da magani a gida, kai da ake tambayarka hanya ko fatawa: sau nawa aka zo muku a rikice, ku ma kuna cikin duhu, amma kuka amsa da ƙarfin murya don kada a raina ku? Rashin sani ba zunubi ba ne, ɓoye shi a cuci mutum shi ne zunubi. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, sannan ka kama hannun mutum ka kai shi wurin wanda ya sani, ko da ba ka ƙaunar ganin fuskarsa. Allah Ya ba mu ikon yin haka.