Hawan Ranau Dutsen Gwanki

Sunan garin da suka baro ya kuɓuce mini, haka ma sunan sarkin zamanin. Tsufa ya ci wannan. Ga abin da ya rage.

A shekarun wani fari mai tsanani, jama'a kaɗan suka yi zango a gindin wani dogon dutse, ba su da komai sai irin dauro na shuka ɗaya. A cikinsu akwai maharbi Ranau, gagara-daji, mai kibiyar da ba ta kwana da yunwa, da wansa Nomau, sarkin nomansu.

Wata rana Ranau ya harbi gwanki, ya bi shi sama. A gindin dutse sawun gwankin cikin ƙura yake. Da ya yi nisa da hawa, iska ta yi sanyi, ya ga kofato yana nutsewa. Ya tura hannu cikin ƙasa, ya ji danshi, ga rana tsaka. Gwankin kuwa, an ce ya shiga gajimare, ba a ƙara ganinsa ba.

Ya sauko ya ce, "Yaya, mu kai irin nan sama. Can rana ba ta shanye ƙasa."

Nomau ya ce, "Kai ƙane, ruwa gangara yake yi. Kaka da kakanni kwari suka noma. Harbi ka sani, bar mana fartanya."

Da ƙyar aka ba shi ƙwarya guda. Gidaje kaɗan suka bi shi.

Ruwa ya sauka sama da ƙasa, ya ɗauke. A kwari, zafi da iska suka zuƙe laimar kafin tsiro ya yi ƙarfi, ya ƙone. A sama ƙasa ta riƙe abin da ta samu, raɓa tana taimakonta, dauro ya nuna.

Ranau ya sauko da damin farko a ka. Ya tarar da bukkoki shiru. Nomau yana cikin rijiyar da yake haƙa, busasshiya, ya riga ya rasu. Ranau ya ajiye damin a bakinta, ya mai da ƙasa. Har yau mutanen Dutsen Gwanki ba sa cin sabon hatsi sai sun sauke dami a wurin.

Ina da sauran ƙarfi na je dutsen da kaina. Rigar da na wanke a gindin dutsen ta bushe kafin azahar. Washegari na wanke ta a sama, har la'asar da danshinta.