Ciroman da Ya Ƙi Ɗaukar Kashin Tsuntsu

Ƙyamar abin da ke ciyar da mutum ita ce mafi munin girman kai, kuma ita ta kassara Ciroma Bawale, ɗan Sarki Jatau na Birnin Kwarkiya.

Ƙasar birnin ta gaji, shekara uku ana shuka gero ana girbe kara. Masana suka ce maganinta taki ne na wani tsibiri a tsakiyar teku, wanda iska ba ta kai jirgi gare shi sai sau ɗaya a shekara. Sarki ya tura Ciroma da jirgi guda, ya haɗa shi da Sarkin Noma Nomau, tsoho mai kaushin hannu.

Suka iske dutse ne baƙi ƙirin, wanda wuta ta amayo daga ƙarƙashin ruwa ya daskare kamar ƙanzo, ba bishiya ba ɗan Adam, ƙoƙon kansa na fitar da hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tsuntsaye dubu bisa dubu sun lulluɓe shi, wasu na faɗawa ruwa kamar an jefa mashi, wasu na kwance kan ƙwai ɗaya tak bisa tsuran dutse, kashinsu fari fat ya taru ya fi tsayin mutum.

Sarkin aljanun wurin, Kurmanu mai rawanin hayaƙi, ya fito ya ce, "Maraba da baƙi. Ku ɗebi abu ɗaya, cikin jirgi ɗaya."

Ciroma ya toshe hanci da alkyabba, idonsa na kan wasu baƙaƙen duwatsu masu walƙiya kamar madubi.

Nomau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, taki aka aiko mu."

"Ni, jikan sarakuna, in shiga gari da lodin kashi? Tsoho, ka ruɗe!"

Ka ji wauta! Aka cika jirgi da duwatsu. Nomau dai ya ƙulle bakin wandonsa ya ɗura takin, ma'aikatan jirgi na yi masa dariya.

Da kaka ta yi, ɗan lungun gonar da Nomau ya barbaɗa wa takin ya ba da dami talatin, sauran ƙasa kuwa ƙaiƙayi. Duwatsun Ciroma, ko maƙera sun ƙi su.

Sarki ya ce, "Bawale, tafasa mana dutsenka mu ci."

Aka naɗa Nomau Waziri. Ciroma ya rasa rawaninsa, ya rasa gadon sarauta, ƙauyuka bakwai na hannunsa suka watse don yunwa, iskar baɗi kuma ta mai da shi tsibirin da kwando a ka.