Hadjara da Reshen Murjani

A unguwar Nuzla da ke Jidda akwai wata mata mai suna Hadjara, 'yar asalin Damagaram, mai fara'a da sakin hannu. Aibinta ɗaya ne: in ta ga abu mai kyau, hankalinta ba ya kwanciya sai ta gan shi a falonta, maƙwabta na yabawa.

Ƙanenta Abduljalil direban jirgin ruwa ne. Yana kai masu yawon buɗe ido wani yanki na Bahar Maliya da aka keɓe, inda aka hana kamun kifi da taɓa komai. Wata Juma'a kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya yarda ya ɗauki 'yan'uwansa, Hadjara ta sha kwalliya ta bi shi.

Da ta leƙa ta gilashin da ke ƙasan jirgin, sai ta riƙe baki. Ga kifaye birjik, rawaya da shuɗi, wasu da zane kamar atamfa, suna shige da fice cikin wasu rassa ja da shunayya.

"Abdu, wannan wane irin dutse ne?"

"Murjani ke nan, Yaya. Amma ba dutse ba ne, rai gare shi. Nan kifayen ke kwana, nan suke ci."

Ta tuntsire da dariya. "Murjanin da kakarmu ke ratayawa a wuya? Yalla, ja jirginka!"

Nuf, ma'aikaciyar da ke kula da wurin, ta roƙi kowa ya kalla da ido kawai. Amma da aka sauka a wani tudun yashi mai ruwa iya gwiwa, Hadjara ta faki ido, ta ɓalle reshe ɗaya mai shunayya, ta cusa a jaka.

A gida ta zuba ruwan famfo a kwanon gilashi, ta barbaɗa gishirin miya, ta kafa reshen a tsakiya. Sannan ta aika wa ƙawayenta su zo shan shayi, akwai abin kallo.

Ranar da suka zo, launin ya gudu, reshen ya yi fari fat, ruwan ya yi yauƙi. Turaren wutar da ta banka bai hana komai ba. Larai, babbar ƙawarta, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Hadjara, ɓera ne ya mutu a bayan kujera?"

Aka fashe da dariya, aka kwashi kofuna aka koma tsakar gida. Hadjara ta ɗauko reshen za ta yar, sai ta ga wata 'yar kaguwa maƙale a ciki, matacciya. Ta tuna maganar Abdu.

Ana haka Abduljalil ya shigo fuska a murtuke. Nuf ta ga kututturen da aka ɓalle a inda jirginsa ya tsaya, ta kai ƙara, kafili kuma ya dakatar da shi daga aiki.

"Yaya, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun mutumin nan take."

Washegari Hadjara ta nufi bakin teku da reshen a hannu, ta faɗi gaskiya. Nuf ta jujjuya shi, ta ce wannan ɗan guntun ya yi shekaru yana girma. Sai ta yi murmushi.

"Halas, ya ukhti, ya wuce, 'yar'uwa. Amma ina da baƙi Hausawa, ba na jin yarensu. Za ki riƙa yi musu bayani?"

Aka mayar da Abduljalil bakin aiki. Yanzu duk Juma'a za ka ji muryar Hadjara a jirgin, tana kiran kifaye da sunayen da ta laƙa musu, tana kaɗe hannun duk wanda ya miƙa zai taɓa murjani.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba kowane kyakkyawan abu aka halitta don mu mallaka ba. Wani kyawunsa na inda Allah ya ajiye shi, in aka cire shi sai ya lalace, ya kuma jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba wahala. Mu kalla, mu gode wa Mahalicci, mu bar wa na baya su ma su gani.