Jan Garin Hansai da Jakin da Ya Tumɓuke Turke

Dalilin da ya sa mutanen Fadamar Gauraki ba sa tankaɗe garin alkamarsu, jakunansu kuma suke ɓarkewa da kuka da zarar sun ji ƙarar dutsen niƙa, shi zan gaya muku yau, yara. Ku gyara zama, don da can ba haka abin yake ba.

A zamanin da, an yi wata mata a garin mai suna Hansai. Mijinta Nomau manomin rani ne. Yana shuka wata alkama gajera, ja, mai taurin ƙwaya, irin da ya gada tun daga kakansa. Ita wannan alkama ba ta jiran ruwan sama. Da jigo ake ba ta ruwa, wato doguwar sandar nan mai guga a kai, wadda mutum ke yini yana ja daga kogi yana juyewa a fangali. Aiki ne na mai ƙashi.

Wata shekara maƙwabciyarsu Tabawa ta je biki birni, ta dawo da rariya mai ƙananan idanu da kuma sabon yayi. Ta ce a can ba mai cin jan gari sai wanda bai waye ba. Nan da nan mata suka ɗauka. A surfa alkama, a niƙa, a tankaɗe har sau uku, sai gari ya fito fari fat. Ba zan rufa wa Hansai asiri ba, ita ta fi kowa iya tankaɗen, har alfahari take yi da shi. Dusar kuwa, duk abin da rariya ta tare, Duna take zuba wa, baƙin jakin Nomau.

Ana nan sai fara ta sauka da damina, ta cinye gero da dawa tas. Ba abin da ya saura a rumbu sai alkamar bara. Nomau ya shuka rabi, suka koma cin rabin, farin finkaso safe da yamma. Sai mutum ya ci ya ƙoshi, amma kafin hantsi ya dubi ludayi yunwa ta dawo, gwiwa ta yi sanyi.

Wata safiya Hansai ta kai abinci fadama, ta tarar da mijinta zaune a gindin jigo, guga a bushe. Alkamar ta fara fitar da kai, amma bakin ganyenta ya yi rawaya.

"Maigida, lafiya?"

"Jikin ne ya ƙi, Hansai," in ji Nomau. "In alkamar nan ta ƙara mako guda a haka, irin kakana ya ƙare a hannuna."

Ta san ba su da wata ƙwaya a ajiye sai ɗan abin da suke ci. Ta kamo hanyar gida zuciyarta a dagule. Tana shiga gari sai ga Duna a guje, ya tumɓuke turkensa yana jan sa a ƙasa. Jikinsa sai sheƙi yake, wuya ya cika, yana harbin iska. Maza uku da ke bin sa duk sun tsaya suna haki.

Hansai ta yi tsaye ta ƙura masa ido. Gida ɗaya, rumbu ɗaya, alkama ɗaya, amma jaki na tumɓuke turke, mai jakin ya kasa ɗaga guga. Sai ta ce a ranta, ashe ƙarfin nake tankaɗewa in ba Duna.

Ranar ta rataye rariya a bango. Ta wanke alkama ta shanya, ta niƙa ta da fatarta da komai, ta tuƙa tuwo ja. Tabawa ta leƙo ta kan zana.

"Hansai, rariyar ta ɓata ne? Ai sai ki aiko in ara miki tawa."

"Tana nan rataye, Yaya Tabawa."

"To wannan na Duna ne ko na maigidan?"

Kafin la'asar maganar ta zaga gari, mata na ta ƙus-ƙus a bakin rijiya. Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya, amma ba ta sauke rariyar ba. Shi ma Nomau da ya buɗe akushi sai ya ɗaure fuska.

"Abincin jaki kika kawo mini?"

"Maigida, jakin ya tumɓuke turke, kai kuwa guga ya gagare ka. Ka ci. In ka wayi gari kana kuka irin nasa, laifina ne."

Dariya ta ƙwace masa, ya sa hannu. Washegari bai ga wani abin mamaki ba, illa dai har azahar bai ji yunwa ba. A kwana na huɗu kuwa, tun da rana ta fito aka fara jin kukan jigonsa, ƙii-ƙii, bai tsaya ba sai la'asar. Ruwa ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Hansai na tsaye a bakin fadama da akushi a ka, tana kallon alkamar na miƙewa kore shar, daɗi kamar ya kashe ta.

Maza suka fara tambayar Nomau maganin da ya sha. Ya ce su je su tambayi jakinsa. Ba a yi kwana biyu ba sai ga Tabawa ta shigo sum-sum, wai ta zo gaisuwa, ta ƙare da tambayar ko ruwa nawa jan garin yake sha a tukunya. Hansai ta nuna mata, ba ta yi mata gori ba. A shekarar, kowace fadama ta kai girbi, irin kakan Nomau ya cika rumbu.

Wanda ya yi asara shi ne Duna. Ya ji ana niƙa, ya miƙa wuya yana jiran dusarsa, aka watso masa ƙaiƙayi. Ya shinshina, ya ɗaga kai ya tsala kuka.

Shi ya sa har yau in kuka je Fadamar Gauraki za ku ga rariya rataye a bango ta yi yana, tuwonsu ja, mazansu na yini a kan jigo. Jakunansu kuwa, da sun ji dutsen niƙa sai su hau kuka, suna neman rabon da Hansai ta ƙwace musu.