Kwandon da Sarki Ya Ɗauka

An ce wani sarki daga cikin sarakunan zamanin da, mai yawan runduna da ƙarancin haƙuri, an kawo masa tulun ruwan inabi daga Tudun Inabi, wani ƙauye da ke can bisa tsauni. Kurɓa ɗaya ya yi, ya lumshe ido ya ce, "Wallahi gonar da ta ba da wannan ta fi ƙarfin talaka!" Nan take ya yanke a tashi mutanen ƙauyen, gonakinsu su koma na fada.

Da kansa ya tafi. A gindin tsaunin ya tarar da Ukashatu, dattijon garin, zaune kusa da tarin kwanduna yana murmushi, sai ka ce ba garinsu za a tasa ba.

Sarki ya ce, "Kai dattijo, tsaunin nan na wane ne?"

"Naka ne, ya sarki, Allah ya ja zamaninka."

"Inabin da ke kansa fa?"

"Wannan kam na wanda ya ɗauki kwando ne."

Sarki ya haɗe gira. Dattijo ya ce, "Ya sarki, kakanninmu yaƙi ya koro su nan, suka tarar da dutse tsurarsa, ko ciyawa babu. A ka, cikin kwanduna, suka riƙa hawa da ƙasar noma daga kwari, shekara ɗari uku ke nan. Har yau ba mai shiga garinmu hannu wofi, amarya ma da kwandonta take hawa. Kwandon ƙasa ɗaya, ƙoƙon ruwan inabi ɗaya ranar matsar inabi, yau kuwa ita ce ranar. In ka tashe mu, damina biyu ta isa ta wanke ƙasar, ka zauna da dutsenka."

Sarki ya ce, "Ku cika mini ɗaya."

Kai, ranar an ga abin kallo! Rawani ya karkace, gumi na zuba, waziri na binsa a baya yana salati. Da ya kai bisa, mata suka rangaɗa guɗa, aka miƙa masa ƙoƙo. Ya shanye tas, ya ce a ƙaro.

Ukashatu ya rusuna ya ce, "Ya sarki, kwando ɗaya ka kawo."

Sarki ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce, "Na janye umarnina, ku zauna a garinku lafiya. Yau na gane adalci: kada mai mulki ya miƙa hannu ga abin da bai taɓa jin nauyinsa a kansa ba."