Alewar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Ku gyara zama, don yau sai kun yi gardama.

Wata tsohuwa ce, Iya Dije, mai 'ya'ya mata uku: Lantana, Kubura da Tasalla. Ran nan da rana tsaka ta sheƙa tafasasshen ruwa a makwarara ba ta yi bisimilla ba, ita da ta tsufa tana hana jikoki yin haka. Sai aka ji kukan jariri daga ƙarƙashin ƙasa. Nan take bakinta ya rufe, hannunta ya saluɓe kamar ita aka ƙona.

Kubura, ta tsakiya, ta fi kowa tsorata, ita da a gida ake wa tsiya cewa ko ruwan shayi ba ta iya dafawa.

Lantana ce ta yi ƙarfin hali ta kara kunnenta a bakin makwarara. Ta daɗe a durƙushe, ta taso fuska ba jini. Ta ce, "Ɗan aljana Iya ta ƙona. Uwarsa ta ce a yi masa abin zaƙi kafin la'asar, amma kada a kunna wuta a gidan nan. In ba haka ba, da Iya za ta tafi." Tun daga ranar, wannan kunnen nata bai ƙara jin maganar mutane ba.

Abin da ake yi wa Kubura dariya a kai, shi ya yi rana. Ta ɗora cakulan a faranti bisa kwanon rufi har rana ta narkar da shi. Ta zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madarar gari da zuma, ta cuɗa, ta dunƙula ƙanana, ta jera a gindin randa su daskare. Bakwai ta jera. Da ta waiwayo shida ta gani, ga sawun ɗan yatsa a jikin ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba, amma yatsunta sun yi sanyi ƙalau, kuma har yau ba su yi ɗumi ba.

Saura kaiwa. Tasalla, auta, ta ɗauki farantin ta bi ruwan makwarara har tsohuwar rijiyar bayan gida. Tana tafe muryar Iya na kiranta daga baya, tana cewa, "Auta, dawo." Ba ta waiga ba. Ta zura hannu cikin rijiyar, wani hannu ya karɓi farantin. Ta dawo da furfura a gefen kai.

Ana kiran la'asar Iya ta yi atishawa ta nemi ruwa. Murna ba ta kai ko'ina ba, sai bakinta ya buɗe da wata murya da ba tata ba.

"Ɗana ya yi shiru, ya kuma ce a ƙara. Wadda ta fanshi uwarta a cikinku, ita nake so. Za ta zauna a gidan nan, ba aure, ba kunna wuta, tana ciyar da shi duk Alhamis. In kun kasa fitar da ita, na dawo kan tsohuwa."

Kubura ta dubi 'yan'uwanta, tausayinsu da na kanta ya kama ta. Ba don kunnen Lantana ba, da ba a san abin yi ba. Ba don hannun ita Kubura ba, da ba abin kaiwa. Da kuma Tasalla ta waiga, da duk an yi aikin banza.

To, ku faɗa mini, wace ce a cikinsu ta fanshi Iya, har zaman ya hau kanta?