Harshen da Zulaihatu Ta Ajiye

Akwai wata matashiya a wani ƙauye kusa da Zakirai, sunanta Zulaihatu, 'yar Malam Iliyasu manomi. Ita ce ta fara karanta kwamfuta a duk ƙauyen, kuma hannunta na da kyau a rubuta manhaja.

A shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, malamin gonarsu, Malam Sabo, ya jingine babur. Ƙauyuka tara ne a wuyansa, ga shi ƙafa ba ta kai shi ko'ina da wuri. Sai ƙungiyar manoma ta roƙi Zulaihatu ta haɗa musu manhajar da Malam Sabo zai yi magana sau ɗaya, saƙon ya kira wayar kowane manomi. Ta yi alkawarin gamawa kafin damina.

Aikin bai fi na mako guda ba da harsunan rubuta manhaja da ake da su. Amma zuciya ta raya mata cewa aro ba nata ba ne. Ta ƙudurta sai ta ƙirƙiro harshenta, da injin da zai karanta shi, sannan ta gina manhajar a kai. Madu, wanda suka yi karatu tare, ya ba ta shawara ta fara sallamar manoma tukuna. Ta yi masa dariya, ta ce ya saba da cin tuwon da wasu suka tuƙa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, masara ta kai gwiwa. Zulaihatu na nan tana fama da injinta.

Wata rana da azahar Malam Sabo ya yi sallama, ƙafafunsa a kumbure. Tsutsa ta faɗa wa masara a gabas, yana bi gari gari yana sanarwa. Ya tambayi inda aiki ya kwana. Cikin zumuɗi ta nuna masa yadda harshen nata ya fara lissafi da kansa.

Ya duba da kyau, ya ce, "Madalla. To zai iya kiran wayar Inna Barira, mai gona a gabas?"

Ta ce da saura.

Ya nemi ruwa ya sha, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar ƙauye na gaba. Tana tsaye a bakin zaure har ya ɓace a cikin gonaki.

A ranar ta rufe aikin wata uku, ta kira Madu ta ba shi haƙuri. Bai goranta mata ba. Suka ɗauki harshen da kowa ke amfani da shi, cikin kwana biyar suka gama.

Ranar Laraba da hantsi, wayoyi sama da ɗari uku suka yi ƙara a gonaki. Muryar Malam Sabo ce, yana faɗin yadda ake gane tsutsar da lokacin feshi. Yawancin gonaki suka tsira. Amma ta Inna Barira, gwauruwa mai marayu huɗu, ta riga ta tafi.

Zulaihatu ta je har gida ta durƙusa, ta ce jinkirinta ne ya jawo. Tsohuwar ta ɗago ta, ta ce, "Tashi, 'yar nan. Tawa ta tafi, amma ta maƙwabtana ta tsaya, kuma ba za su ci su bar ni ba."

Haka kuwa aka yi. Da kaka, dami dami aka riƙa kai mata.

A kasuwar Zakirai, wasu baƙin manoma suka zo neman injiniyan Kano da ya haɗa abin, a sa lambobinsu. Malam Iliyasu ya gyara tsayuwa ya ce, "Ba sai kun je Kano ba. 'Yata ce. Ku biyo ni."

Darasi: Gwaninta ba ita ce ka ƙera komai da hannunka ba, ita ce ka biya buƙatar masu jiranka a kan lokaci. Ku tura wa matasanmu masu ilimi, ko Allah zai sa wani ya amfana.